Yadda ake haɗa littafin EPUB da zai buɗu a kowace na'ura

A watan Yulin 2019 mutanen da suka sayi littattafai a kantin intanet na Microsoft suka wayi gari littattafan sun ƙi buɗuwa. Kamfanin ya rufe kantin, ya kashe kwamfutocin da ke ba kowane littafi izinin buɗuwa, sannan ya mayar wa mutane kuɗinsu. Kafin wannan ma an ga makamanciyarta. Tsarin LIT na Microsoft ɗin dai da LRF na Sony duk sun yi tashensu sun shuɗe, kuma wanda ya zuba littafinsa a cikinsu kaɗai sai da ya yi gumi kafin ya kwaso abinsa.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni a wane tsari zai fitar da littafinsa, amsata ba ta canzawa: ka haɗa EPUB, wato tsarin fayil na littafin lantarki, mai tsabta, marar kwaɗon hana kwafi, ka riƙe shi a matsayin uwa. Duk wani tsari da wata na'ura ta nema daga baya, daga jikin uwar nan za a ciro shi.

Abin da ya sa EPUB

EPUB buɗaɗɗen tsari ne. Buɗaɗɗen tsari shi ne wanda aka wallafa ƙa'idojinsa a fili, kowa na iya karantawa, kowa na iya ƙera manhajar da za ta buɗe shi ba tare da ya nemi izinin wani kamfani ba. Asalin EPUB wani tsari ne mai suna OEBPS da aka fitar a 1999. Ƙungiyar IDPF ta fitar da EPUB 2 a 2007, EPUB 3 ya biyo baya a 2011. A 2017 IDPF ta narke cikin W3C, wato ƙungiyar da ke kula da ƙa'idojin shafukan intanet, W3C ɗin ce kuma ta tabbatar da EPUB 3.3 a watan Mayun 2023. Wannan haɗewa tana da ma'ana, domin kowane babi na EPUB shafin intanet ne da aka naɗe cikin fayil. Muddin akwai abin da ke buɗe shafin intanet a duniya, rubutun da ke cikin EPUB ɗinka ba zai ɓace maka ba.

Na san za a ce ai ga PDF. Shi ma buɗaɗɗe ne, hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta karɓe shi tun 2008. Matsalarsa a gininsa take. PDF hoton takarda ne, an riga an yanke masa faɗi da tsawo. Ka buɗe shi a waya sai ka yi ta ja da yatsu biyu kana matsa shafi hagu da dama kafin ka kai ƙarshen layi guda. Shi kuwa EPUB kamar ruwa yake, duk mazubin da ka zuba shi siffarsa yake ɗauka. Mai karatu ya ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa da kansu. Idan littafinka na taswirori ne, ko mujalla mai hotuna da aka tsara shafi-shafi, ko kuma maɗaba'a za ka kai, to PDF ya dace. Labari, waƙa, tarihi, wa'azi, littafin koyarwa, duk wanda rubutu ne ƙashin bayansa, EPUB ne gidansa.

Mataki na farko: tsabtace rubutun tun yana cikin Word

Kashi mafi yawa na aikin a nan yake, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Manhajar da za ta juya rubutunka ba ta da ido. Ba ta ganin cewa wannan layi babba ne mai kauri a tsakiyar shafi, saboda haka kan babi ne. Alamar da aka liƙa wa layin kawai take karantawa.

To ka bi littafin babi-babi. Ka ɗora alamar rubutu a kan sunan babi, ka danna salon da ake kira Heading 1 a jerin salo na saman Word. Ƙananan kanu na cikin babi kuma Heading 2. Idan kamannin bai yi maka ba, ka gyara salon shi kansa sau ɗaya, duk kanun su bi. Daga waɗannan alamomi ne za a gina ƙunshiyar littafin da mai karatu zai riƙa dannawa ya tsallaka babi, a kansu ne kuma za a yanka littafin zuwa ƙananan fayiloli.

Sai ka danna maɓallin nan mai alamar ¶ domin ɓoyayyun abubuwa su fito. A nan ne ake ganin abin kunya. An taɓa kawo mini wani rubutu da mai shi ya riƙa danna Enter sau goma sha wani abu a ƙarshen kowane babi don ya tura na gaba zuwa sabon shafi, kuma kowane sakin layi ya fara shi da tazara biyar da ya buga da hannu. A kwamfutarsa abin ya yi kyau ƙwarai. Da aka juya shi aka buɗe a waya, sai ga fararen shafuka a tsakiyar labari, wani kan babi ya maƙale a can ƙasan allo shi kaɗai. Duk irin waɗannan ka share su. Tazarar farkon sakin layi a cikin salon Normal ake saita ta. Sabon shafi kuma ba sai ka nema ba, kowane Heading 1 zai buɗe nasa.

Ka cire lambobin shafi da rubutun da ke maimaituwa a sama ko ƙasan kowane shafi, domin EPUB ba shi da tsayayyen shafi. Duk inda ka rubuta "duba shafi na 45", ka mayar da shi "duba babi na uku". Ƙarin bayani na ƙasan shafi ka tabbata da Insert Footnote aka saka shi. In da hannu ka buga ƙaramar lamba, ba za ta haɗu da bayaninta ba. Masu waƙa kuma, tsakanin ɗango da ɗango na baiti guda ku danna Shift tare da Enter, ku bar Enter zalla sai ƙarshen baiti. Hakan zai sa baitin ya zauna a dunƙule.

Mataki na biyu: haruffa masu ƙugiya

Wannan mataki ba ka samunsa a yawancin jagororin da ake rubutawa, alhali shi ne ya fi ɓata littattafan Hausa.

Kafin Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ya yaɗu, an ƙera wasu samfuran haruffa da suka ari maɓallan baka da makamantansu suka zana musu ƙugiya. A idonka kana ganin ƙasa, ɗaya, ɓangare. A cikin fayil kuwa abin da ke rubuce shi ne }asa, ]aya, ~angare. Da zarar littafin ya bar kwamfutar da ke da wannan samfuri, asiri ya tonu. Gwajin mai sauƙi ne: zaɓi rubutun gaba ɗaya, mayar da shi Times New Roman ko Arial. In ƙugiyoyi sun tsaya, lafiya. In baka da alamomi sun fito, sai ka buɗe Find and Replace ka musanya su ɗaya bayan ɗaya da haruffan Unicode na ainihi. Lambobinsu ga su: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4, manyansu kuma Ɓ 0181, Ɗ 018A, Ƙ 0198, Ƴ 01B3. A Word na Windows, ka buga lambar ka danna Alt da X tare, harafin zai fito. Ka yi hattara kada ka musanya bakan da aka saka don aikinsu na baka, don haka ka fara duba ko akwai su.

Wanda ya saba rubuta k'asa da d'aya shi ma ya daure ya gyara. Mai karatun da ya nemi kalmar ƙasa a cikin littafin ba zai sami k'asa ba, na'ura tana ɗaukarsu kalmomi biyu daban.

Akwai kuma wata 'yar matsala da ba a cika lura da ita ba. Idan ka buga 'ya'ya ko 'yan a Word, yakan ɗauka zance za ka buɗe, sai ya juya waƙafin farko ya kalli wancan ɓangaren. Ka nemo su duka ka daidaita su fuska ɗaya. In kuma ƴ kake amfani da shi, ka tsaya a kansa daga farkon littafi har ƙarshe.

Mataki na uku: hotuna da bango

JPEG don hotunan kyamara, PNG don zane da jadawali. Ka rage girmansu kafin ka saka, hoton da ya fito kai tsaye daga kyamara nauyi kawai zai ƙara wa littafin. Kowane hoto ya zauna a layinsa, kada a naɗe rubutu a gefensa. Ka danna dama a kan hoton ka cike gurbin Alt Text da jimla guda da ke faɗin abin da ke ciki, saboda makaho da manhaja ke karanta masa littafi wannan jimlar ce hotonsa. Bango kuma ka ajiye shi fayil daban, a tsaye, suna ya fito ɓaro-ɓaro ko da an ƙanƙantar da shi ya koma kamar kan sarki. Sunayen fayiloli su zama ƙananan haruffa, babu tazara, babu ƙugiya: bango.jpg, hoto01.png.

Mataki na huɗu: juyawa

Hanyoyi suna da yawa, kuma waɗanda zan ambata duk kyauta ne.

Calibre ita ce ta kowa da kowa. Kovid Goyal ya fara ta a 2006, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ka jawo fayil ɗin Word, wato DOCX, ka jefa cikinta, ka danna Edit metadata ka cike sunan littafi, sunan marubuci da harshe, ka ɗora bango. Sai Convert books, ka zaɓi EPUB a kusurwar dama ta sama. Kafin ka danna OK ka duba abu biyu. A sashen EPUB output ka tabbata 3 aka zaɓa a matsayin zubin da za a fitar. A sashen Look & feel kuma akwai wani akwati da ke cewa a mayar da haruffan Unicode zuwa ASCII, wato haruffan Turanci zalla. Kada hannunka ya kai gare shi. Aikinsa ke nan ya aske ƙugiyoyin da ka ɓata dare kana gyarawa.

Pandoc, wadda John MacFarlane ya ƙirƙira, ba ta da maɓallan dannawa, umarni ake rubuta mata. Amma ni ita na fi so, domin abin da take fitarwa ya fi tsabta, babu tarkacen da Word ke jibgewa. Layi ɗaya ya wadatar:

pandoc littafi.docx -o littafi.epub --toc --metadata lang=ha --epub-cover-image=bango.jpg

LibreOffice Writer ma yana fitar da EPUB kai tsaye tun zubi na 6.0 da ya fito a 2018, haka Google Docs da Pages na Apple. Don ƙaramin rubutu sun isa. Littafin da za ka sayar kuwa ba zan bar shi a yadda suka fitar ba sai na leƙa cikinsa.

Mataki na biyar: leƙa cikin fayil ɗin

Ka kwafi littafin, ka canza ƙarshen sunan kwafin daga .epub zuwa .zip, ka buɗe. Gani ya kori ji. EPUB ba komai ba ne illa jakar ZIP da aka shirya kayan cikinta bisa ƙa'ida.

Abu na farko da za ka gani wani ɗan fayil ne mai suna mimetype. Haruffa 20 kacal ke cikinsa, application/epub+zip, kuma ƙa'ida ta ce shi ne zai zo farko a jakar, ba a matse shi ba. Wannan ne dalilin da ya sa in ka gyara wani abu ka sake naɗe jakar da ZIP na yau da kullum ka mayar da sunan .epub, wasu na'urori sukan ƙi ta. Sai jakar META-INF mai ɗauke da container.xml, wanda aikinsa ɗaya ne: nuna inda fayil ɗin OPF yake.

Shi OPF, wanda galibi ake sa wa suna content.opf, shi ne zuciyar littafin. Sassa uku ne a cikinsa da ya kamata ka gane. Na farko bayanan littafi, inda dole a sami suna, harshe, lambar shaida, da ranar gyara na ƙarshe. Na biyu manifest, jerin duk wani fayil da ke cikin jakar, har hotuna da samfuran haruffa. Na uku spine, wanda ke faɗin wane babi ke bin wane. Sai nav.xhtml, ƙunshiyar da mai karatu ke dannawa. Za ka iya tarar da toc.ncx ma, wato ƙunshiya irin ta EPUB 2. Ka bar shi, tsofaffin na'urori da shi suke aiki.

Gyara na gaske ba a cikin ZIP ake yin sa ba. Ka buɗe littafin da Sigil, manhajar gyaran EPUB, ko da Edit book na Calibre, su za su kula da naɗewa. Ga abin da nake dubawa kowane lokaci.

Harshe. Lambar Hausa ha ce. Sau da yawa za ka tarar an rubuta en, saboda Word ɗin da aka yi rubutun a kai na Turanci ne. In ka bar shi haka, na'ura za ta riƙa karya kalmomin Hausa a ƙarshen layi bisa dokar Turanci, manhajar makafi kuma ta ɗauka Turanci take karantawa. Wanda ya yi rubutu da ajami ya sa ha-Arab, sannan a kan spine ya ƙara page-progression-direction="rtl" domin shafuka su riƙa juyawa daga dama.

Lambar shaida. In kana da ISBN, wato lambar littafi ta ƙasa da ƙasa, ka saka, amma ka tuna na bugun takarda daban, na EPUB daban. In babu, lambar UUID da manhaja ta ƙirƙira ta isa a wajen ƙa'idar EPUB.

Fayil ɗin CSS, wanda ke riƙe da kamannin littafi. A nan ƙarancin shisshigi shi ne gwaninta. Girman haruffa a auna shi da em ko kashi cikin ɗari, masu bin zaɓin mai karatu, kada a ƙayyade shi da tsayayyen ma'auni irin pt ko px, don kada ka ɗaure hannun dattijon da ke son ya ƙara girma. Kada ka ce lallai launin rubutu baƙi ne. Mai karatu da dare zai mayar da allonsa baƙi, rubutunka ya nutse a ciki ya rasa abin karantawa.

Mataki na shida: cusa samfurin haruffa

Ko da rubutunka Unicode ne tsantsa, na'urar da samfurin haruffanta ba shi da ƙ za ta nuna ɗan akwati a gurbinsa, ko ta aro harafin daga wani samfuri ya fito ya fi 'yan'uwansa tsawo kamar baƙo a taro. Na ga wannan a littafin farko da na haɗa. A kwamfuta lafiya lau, a wata tsohuwar na'urar karatu kuwa shafin farko kaɗai akwatuna sun fi ashirin.

Maganin shi ne littafin ya tafi da guzurinsa. Charis SIL, Gentium, Andika da Noto Serif duk suna da haruffanmu, kuma lasisinsu na OFL ya yarda a cusa su cikin littafi, ko da na sayarwa ne. Samfuran da suka zo da Windows ba haka lasisinsu yake ba, kada ka kwashe su ka zuba. Ka ɗauki fuska huɗu: na yau da kullum, mai kauri, na gicciye, da mai kauri na gicciye. A Calibre wajen juyawa akwai Embed font family a ƙarƙashin Look & feel. Akwai kuma zaɓin Subset, wanda ke yanke duk harafin da littafin bai yi amfani da shi ba don a rage nauyi. Shi wannan sai a ƙarshe, bayan an gama duk gyara, domin in ka ƙara kalma mai Ɓ bayan an yanke shi, akwati zai dawo.

Duk da haka mai karatu na da ikon ya zaɓi nasa samfurin. Ba laifi ka sa layi ɗaya a farkon littafi cewa wanda ya ga akwatuna ya koma kan samfurin mawallafi a saitin na'urarsa.

Mataki na bakwai: EPUBCheck

Buɗuwar littafi a wayarka ba shaida ba ce cewa lafiyarsa ƙalau. Wasu manhajoji suna da haƙuri, suna rufa wa kuskure asiri, wasu ba su da shi. Alƙalin da kowa ya yarda da shi shi ne EPUBCheck, wanda ƙungiyar DAISY ke kula da shi a madadin W3C. Manyan kantunan littattafai da shi suke tantance abin da aka ɗora musu. Yana buƙatar a saka manhajar Java a kwamfutar, umarninsa kuma ga shi:

java -jar epubcheck.jar littafi.epub

Wanda ba ya son rubuta umarni ya saka shi a matsayin ƙari cikin Sigil. Saƙonninsa suna da ban tsoro a karon farko, amma kowanne yana faɗin fayil da layin da matsalar take. RSC-007 na nufin an ambaci wani fayil da babu shi a jakar, kuma sau da yawa laifin babban harafi ne: ka rubuta Bango.JPG alhali sunan fayil ɗin bango.jpg. RSC-005 kuskure ne a ginin shafin, kamar alamar da aka saka inda ba ta da hurumi. PKG-006 kuwa mimetype ne bai zo farko ba. Ka gyara na sama tukuna ka sake gwadawa, kuskure guda yakan haifi goma a ƙasansa.

In ya wuce wannan, ka bi shi da Ace, ita ma ta DAISY ce, tana duba ko masu larurar gani za su iya amfani da littafin. Mai niyyar sayarwa a ƙasashen Tarayyar Turai ya san cewa tun 28 ga Yunin 2025 dokarsu ta sauƙaƙa wa naƙasassu ta hau kan littattafan lantarki.

Mataki na takwas: gwaji da ido

Aƙalla wuri uku. A kwamfuta ka buɗe da Thorium Reader, wadda ke bin ƙa'ida sau da ƙafa. A waya ka gwada Apple Books ko Google Play Books, ko ReadEra da ire-irenta. In kana iya samun na'urar karatu mai allon E Ink, mai kama da takarda, irin su Kobo ko PocketBook, ka jona kebul ka jefa fayil ɗin ciki, suna karanta EPUB kai tsaye. A kowanne ka ƙara girman haruffa har ƙarshe, ka mayar da allo baƙi, ka danna kowane layi na ƙunshiya, ka nemi kalma mai ƙugiya. Jadawali mai ginshiƙai da yawa a nan yake nuna halinsa. In ya fashe a waya, ka raba shi biyu ko ka mayar da shi jeri.

Batun Kindle

Amazon ta bi hanyarta ita kaɗai tun fitowar na'urar karatunta, Kindle, a 2007. Ta sayi kamfanin Mobipocket mai tsarin MOBI a 2005, ta gina nata tsarin AZW a kansa, daga baya AZW3, sannan KFX. Har yau in ka jefa EPUB cikin Kindle ta kebul ba zai bayyana ba. Sai dai tun 2022 hanyar Send to Kindle tana karɓar EPUB, ta juya shi zuwa tsarinsu kafin ya isa na'urar, kuma ta daina karɓar tsohon MOBI. Dandalinsu na masu wallafa da kansu ma EPUB yake karɓa. Wanda ya fi son kebul ya sa Calibre ta ciro masa AZW3 daga uwar. Ko ta wace hanya, gyara a jikin EPUB ake yin sa, a sake cirowa. Kada ka juya AZW3 ya koma EPUB ka ci gaba da aiki a kansa, kowace juyawa tana barin tabo.

Kwaɗo

DRM kwaɗo ne da ake ɗaura wa fayil don kada a kwafe shi, kuma ba ya cikin asalin EPUB, ɗora shi ake yi daga waje. Abin da ke rikita mutane shi ne fayil na iya ɗaukar sunan .epub alhali a kulle yake. Na Apple sai a manhajar Apple, na Adobe sai na'urar da aka yi wa rajista da asusun Adobe. In ka sayi littafi aka ba ka ɗan fayil mai ƙarshen .acsm, wannan ba littafin ba ne, takardar izinin sauke shi ce. Akwai Readium LCP da EDRLab ta Faransa ke kula da shi, wanda ISO ta amince da shi. Da kalmar sirri yake buɗuwa, ba a ɗaure yake da kanti guda ba, ɗakunan karatu masu ba da aro suna amfani da shi. In dole sai an kulle, shi ya fi dama-dama.

Ra'ayina ga marubuci shi ne ya bar kwaɗon. Ɓarawon littafi ba ya rasa hanya, wanda ya biya kuɗinsa shi ke shan wahalar makulli. Kamfanin Tor, babban mawallafin ƙagaggun labaran kimiyya a Amurka, ya cire DRM daga littattafansa tun 2012 kuma bai koma ba. Wasu kantuna sukan buga sunan mai saye a cikin fayil ɗin maimakon kulle shi, wanda hakan ke sa mutum ya yi tunani kafin ya watsa, ba tare da an hana shi karantawa a inda ya ga dama ba. Ga mai saye kuma, ka duba bayanin littafi kafin ka biya. Kullallen littafi kayan aro ne, ba ya rufe katara. A watan Fabrairun 2025 Amazon ta cire damar sauke littattafan da ka saya zuwa kwamfuta don turawa ta kebul, ba ta kuma nemi shawarar kowa ba. Fasa kwaɗo kuwa laifi ne a dokokin ƙasashe da dama, don haka tun wajen saye ake yin zaɓi.

Ajiya

Ka buɗe jaka guda don kowane littafi. A ciki ka sa DOCX ɗin da ka tsabtace, EPUB ɗin da ya wuce EPUBCheck, hotuna a girmansu na asali, samfuran haruffa cikakku tare da takardar lasisinsu. Ka sa kwanan wata a sunan fayil, kamar littafi-2025-03-14.epub, don kada wata rana ka rasa gane wanne ne na ƙarshe tsakanin "gyararre" da "gyararre na gaske". Kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje, ɗaya a ma'ajiyar intanet.

In littattafan sun yi yawa, Calibre na iya zama ɗakin karatun gida. A ƙarƙashin Connect/share ka kunna Content server. Duk wayar da ke kan Wi-Fi ɗaya da kwamfutar za ta iya shiga ta burauza, a rubuta adireshin kwamfutar a ƙara :8080 a ƙarshe. Manhajojin karatu irin su KOReader da Thorium suna jin wani buɗaɗɗen tsari mai suna OPDS, wanda shi ne harshen da kundin littattafai ke magana da shi. Ka ƙara /opds a bayan wancan adireshi ka ba su, jerin littattafanka zai fito a cikin manhajar, ka danna wanda kake so ya sauka.